Gayyar Yankan Kachala a Tafkin Nguru

Yau za mu gangara ƙasan kogin Haɗeja ne, can inda Jigawa ta yi iyaka da Yobe, mu ga yadda mutanen bakin tafkin Nguru da mashigar Marma suke ɗaura ɗamara su faɗa ruwa da lauje da adda, ba albashi ba kwangila, don su ƙwato ruwansu daga hannun wata ciyawa da ake kira kachala. Mutumin Guri ko Kirikasamma ko Dabar Magini ba ya buƙatar a gaya masa mece ce kachala, da ita yake kwana da ita yake tashi. Amma kai ma da kake saurarenmu daga Kano, kada ka murɗa akwatin rediyonka, domin ruwan da ke zuba a famfon gidanka yana da hannu a cikin wannan magana.

Mu fara da hanyar ruwan. Kogin Kano da kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya nausa gabas. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayi, ya rasa gangaren da zai bi da gudu, sai ya rarrabu: ga tsohon kogin Haɗeja, ga Burum Gana, ga kuma mashigar Marma wadda take zuba a tafkin Nguru. Daga kudu kogin Jama'are yake tahowa, su gamu kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, wanda yake bi ta Gaidam, ya raba Najeriya da Nijar a wajen Difa, ya ƙare a tafkin Chadi.

A da, wannan ruwa baƙo ne mai sanin lokacin tafiya. Yakan zo da ƙarfi a watan Agusta da Satumba, ya malale fadamu, sannan ya ja baya, har wasu rassan su ƙafe ƙurmus a tsakiyar rani. A kan wannan zuwa da tafiya aka gina rayuwar yankin. Idan ruwa ya cika, manomi na da shinkafarsa, kifi kuma ya bazu cikin ciyayi ya yi ƙwai. Idan ya fara ja, masunci ya cika komarsa da tarwaɗa da karfasa da bargi, manomi ya bi danshi ya shuka wake. Idan ƙasa ta bushe, Bafulatani ya sauko da shanunsa su ci ɗanyen haki, su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun zauna sun yi lissafin abin da fadamar nan ke bayarwa na hatsi da kifi da itace, suka gano cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a nan ya ninka sau da yawa abin da ake samu idan aka karkatar da shi zuwa manyan gonakin ban ruwa na sama.

To sai aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1992 aka ƙara ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Ba za mu zauna a nan mu ce gina su kuskure ne ba. Da su Kano take shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Kura, da su ake noman shinkafa da alkama a kwarin Haɗeja wajen Auyo. Sai dai kogin ya sauya hali. Ambaliyar damina da takan zo da ƙarfi ta wanke hanya ta ragu, domin dam ya riƙe ta. Da rani kuma, lokacin da ya kamata kogi ya huta, sai a riƙa sakin ruwa don birni da gonaki, rarar ta gangaro ƙasa a hankali, ba ta da ƙarfin share laka, ba ta kuma bari ƙasa ta bushe. Kogin Haɗeja ya rasa raninsa. Ku riƙe wannan, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansa ya rataya.

Kachala ba baƙuwa ba ce, tun da can akwai ta jefi-jefi a bakin tabkuna, ana yankar ta a yi tabarma da rufin ɗaki. Fari ne yake taka mata birki. Abin da take so shi ne ruwa mara zurfi, wanda bai wuce ƙugu ko ƙirjin mutum ba, mai zama shekara cur ba ya motsi sosai. Da ta samu haka sai ta miƙe ta fi tsawon mutum nesa ba kusa ba, ta yi cunkus yadda ko kwalekwale ba ya ratsawa. Kanta guda ɗaya, wannan mai launin ƙasa-ƙasa, yana ɗauke da iri dubun dubata, iska ta kwashe ta watsa. A ƙarƙashin taɓo kuma saiwarta tana rarrafe tana fitar da sababbin 'ya'ya. Ruwan da ya zo wucewa sai ya yi sanyin gudu a cikinta, ya sauke lakar da ya ɗauko, hanya ta ƙara cikewa, kachala ta ƙara samun wurin zama.

Haka rassan kogin suka riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya rasa mafita sai Marma. Abin da ya biyo baya shi ne masifa iri biyu a lokaci guda. Mutanen Marma da kewayen tafkin Nguru ruwa ya yi musu yawa, gonakin da kakanninsu suka noma gero da dawa suka koma ƙarƙashin ruwa, kachala ta gaje su. Mutanen Burum Gana da na ƙasa kuwa suna kallon busasshiyar hanya. Har ta kai kusan duk ruwan da ke isa Gashuwa na Jama'are ne, na Haɗeja ya maƙale a hanya.

Sannan ga baƙin da kachala take saukarwa. Na farko jan baki. Duk manomin shinkafa da gero a yankin ya san yadda garken tsuntsun nan yake tasowa da sassafe daga cikin kachala, inda ya kwana ba mai iya kai masa, ya sauka a gona. A tura yara da gwangwani da majajjawa tun asuba, a hana su makaranta, duk da haka a tashi da kara. Na biyu sauro. Na uku ƙananan dodon koɗi na ruwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, za mu dawo kansu.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan kachala a tafkin Nguru da mashigar Marma, da yadda mutanen wurin suke yaƙar ta da aikin gayya.

Gayya dai ba sabon abu ba ne a wurinmu, da ita ake nome gonar surukai, da ita ake yaɓen masallaci. Abin da ya bambanta gayyar kachala shi ne ba ta gari ɗaya ba ce. Idan ƙauye ɗaya ya share gabansa, na sama da shi bai share ba, ruwa ba zai iso ba. Idan na sama ya share na ƙasa ya yi kwance, ruwan zai zo ya tsaya ya ci gonakin wanda ya yi wahalar. Dole sai an jera garuruwan da ke bin hanya ɗaya, an raba musu ita gaɓa-gaɓa. A farkon shekarun 2000, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa ya taimaka wajen zaunar da manoma da masunta da makiyaya da masu sarauta wuri guda a kan wannan batu, aka kuma yi gayyar buɗe hanyoyin ruwa, ciki har da Burum Gana. Shirin ya ƙare ya naɗe tabarmarsa kamar yadda irinsu suka saba. Gayyar ce ta rage a hannun masu ita.

Ga yadda ranar aiki takan kasance. Tun kwana biyu ko uku kafin nan bulama ko mai unguwa ya sa an yi shela, kowane gida ya ba da mutum. Sarkin ruwa shi ya san inda tsohuwar hanya ta bi, domin wanda bai sani ba zai iya wuni yana yanka a kan gonar wani, yana zaton kogi yake buɗewa. Shi zai shiga gaba a kwalekwale yana caka sandar tuƙi, inda ta nutse sosai nan ne cikin kogi, a kafa alama. Sai majiya ƙarfi su shiga a jere, ruwa iya ƙirji, kowa da laujensa. Mutum zai kamo dami da hannun hagu, ya nutsa hannun dama har kafaɗa, ya yanko daga ƙasa. Na bayansa su ja abin da aka yanka su tura wa masu kwalekwale, su kuma su kai gaɓa su jibge. Ganyen yana yanka hannu, matsattsaku suna kama ƙafa, taɓon da aka tayar yana wari. A gaɓa dattawan da ƙarfinsu ya ja baya suna wasa lauje a kan dutse, iyaye mata sun kawo kunu da ɗumame daga hatsin da aka yi karo-karo. Magatakardan ƙungiya yana zaune da littafinsa yana rubuta gidan da ya zo da wanda bai zo ba. Kada ku raina littafin nan. Gayyar da ba a san wanda ya noƙe ba, a karo na uku mutum biyar za ka gani.

Me ya sa ake wahalar nutsa hannu a yanko daga ƙasa, alhali ga ganye a sama a fili? Malam manomi, idan ka samu karan kachala ka karya shi ka duba cikinsa. Za ka gan shi da ƙananan ramuka kamar soso. Ta nan iska take bi daga ganye ta sauka har saiwar da ke cikin taɓo, inda babu iska ko kaɗan. Idan ka sare ta a saman ruwa, kututturen yana waje yana shaƙar iska, aski kawai ka yi mata, cikin 'yan makonni za ta dawo. Idan ka banka mata wuta da rani, ganye ne ya ƙone, saiwa tana nan lafiya lau, ka ma ƙara mata toka. Amma idan ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwa zai rufe kututturen da kamar tsawon kamu ɗaya ko fiye, kuma ya ci gaba da rufe shi, to ka toshe mata numfashi, saiwar za ta fara ruɓewa. Ko da haka sau ɗaya ba ya isa. Za ta yi ƙoƙarin turo sabon tsiro da ɗan abincin da ta ajiye, sai a koma a sake yankewa kafin ya leƙo ya yi ƙarfi, sau biyu ko uku a shekara. A nan ne yawancin gayya take faɗuwa. Ranar farko kowa yana da zafi, har da masu ganga. Komawa ta biyu, wadda ba ta da wahala kamar ta farko kuma ita ce mai kashe ciyawar, ita ce ake rasa mutane.

Abu biyu kuma a kiyaye. A yi yankan kafin kan ya nuna ya fara tashi a iska. Wanda aka yanka kuma kada a bar shi yana yawo a ruwa, zai gangara ya taru a wata kwana ya zama sabuwar toshiya, ko ya ruɓe a wurin ya ɓata ruwan har kifi ya gudu.

Yanzu maganar tsargiya, kuma ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su saurara da kyau. Wanda ya wuni a cikin ruwan kachala ya wuni ne a gidan dodon koɗin da ke sakin ƙwayar cutar, ita kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari. A wasu garuruwanmu har yau ana ɗaukar wannan a matsayin alamar yaro ya fara girma. Ba girma ba ne, ciwo ne, kuma idan ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Yana da magani, ana kiran sa farazikwantel, ma'aikatan lafiya suna ba da shi gwargwadon tsawon mutum ko nauyinsa. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin kunu za ta iya zuwa asibitin yankinta ta nemi a duba 'yan gayyarta bayan aiki. Kada a sa yara ƙanana cikin ruwan. Kuma kowa ya daina fitsari da bahaya a ciki, domin ta nan ƙwan cutar yake komawa ga dodon koɗi, zagayen ya ci gaba.

To, kada mu ɗora wa dam laifi duka mu wanke kanmu. 'Yan uwa masunta, dumba fa? A jera tarkon kifin nan, gurar Mali, daga wannan gaɓa zuwa waccan, a tare hanya da ita da kara da ƙasa, a kama babba da ƙarami. Ruwa ya zo ya tsaya, laka ta kwanta, bayan shekara wurin ya zama gonar kachala. Manoma kuma, kowa ya ga dama ya fasa gaɓar kogi ya ja ruwa zuwa gonarsa, ya gama ban ruwa bai toshe ba, ruwan ya malale a fili ya zauna. Ƙungiyar da take yankan ciyawa da safe, da yamma kuma ta kawar da kai daga dumbar ɗan wani babba, wahalar banza take yi. Irin wannan hukunci ba na matasa masu lauje ba ne, na iyayenmu hakimai da dagatai da sarakunan ruwa ne, su ne za su iya cewa a cire a kuma cire. Makiyayi ma a kira shi zaman tun farko, a bar masa mashaya da burtali, domin idan hanya ta buɗe fili ya fito, shi ne wurin da rigima take fara tashi: wanda ya yi shekaru bai ga gonar ubansa ba ya dawo, maƙwabcinsa ya ce iyaka ba nan take ba, ga shanu kuma sun hango ɗanyar ciyawa.

Ni dai a ganina, inda ake zaluntar 'yan gayya shi ne a yaba musu a bar su. Akwai wuraren da lakar ta yi kauri har ta zama tudu, lauje ba ya yin komai a nan, sai injin yasar kogi mai tafiya a kan ruwa, irin waɗanda gwamnatin Jigawa ta saya. Injin kuwa yana buɗe hanya a mako, amma ba ya dawowa bayan wata biyu ya yanke sabon tsiro, wannan sai mutanen gari. Kowanne ba ya isa shi kaɗai. Sama da duka, makullin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda take buɗe ƙofofin Tiga da Challawa. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa yadda zai kwaikwayi halin kogin na asali, a sake shi da ƙarfi a lokacin damina, a kuma rage shi da rani gwargwadon yadda wasu hanyoyin za su sha iska. A 2006 an yi taron ƙoli a Damaturu, jihohi shida da ke cin wannan ruwa, wato Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, tare da gwamnatin tarayya, suka kafa asusu na musamman don kula da shi. Saboda haka ƙungiyar ƙauye tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, kuma tana da haƙƙin ta tambaya yaushe za a saki ruwa, nawa za a saka, don ta tsara ranar gayyarta. Mutumin da aka yi wa sakin ruwa ba sanarwa, washegarin ranar da ya gama shuka a bakin fadama, ba za ka sake ganin sa a taro ba.

Wurin nan fa duniya ta san da shi. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma, fili mai faɗin hekta 58,100, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, shi ne na farko a Najeriya. A 2008 aka ƙara da Baturiya da Dagona. Tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan tare da ɗinya da kirinjijiya, har mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya zo Dagona kallon su a 1989. Su ma agwagin buɗaɗɗen ruwa suke nema, ba dajin kachala ba, don haka mai lauje yana yi musu aiki ko bai sani ba.

Saura tambayar da 'yan gayya suke yawan yi: wannan tulin da muka jibge a gaɓa, me za mu yi da shi? Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A kogin Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986 ta hana ruwan gishiri shigowa daga teku, kachala ta mamaye gaɓar Senegal da Muritaniya. A can sun koyi busar da ita su ƙona ta a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, su daka, su cura ta ta zama gawayin girki, wasu kuma suna haɗa ta da laka su yi tubali da rufi mai hana zafi shiga ɗaki. A nan gida, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana cikin waɗanda suka yi gwajin sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A yankin da ake sare itace har saiwa don a dafa tuwo, gawayin kachala ba abin rainawa ba ne, kuma idan mata suka samu abin sayarwa a ciki, kuɗin kunun gayya ta biyu ya fito. Sharaɗin dai ɗaya ne: a shanya ta a kan tudu nesa da gaɓa, inda ruwa ba zai tashi ya mayar da ita cikin kogi ba, a kuma cire kawunan da suka nuna a ƙona su daban kafin iska ta riga ku.